Yadda ake haɗa ido mai auna ainihin gudun tarakta a gona

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona a Kadawa ko Auyo yana kallon tarakta tana jan haro a ƙasar da ta sha ruwa ya san abin da ake nufi. Tayar baya tana juyawa da ƙarfinta, tana watso laka, amma tafiyar ba ta kai juyawar ba. Haka abin yake a rairayin Gumel da Maigatari. Agogon gudun da ke gaban direba, idan ma yana aiki, juyawar taya yake ƙirgawa. Ko a ƙasa mai kyau, tarakta mai jan kaya takan yi asarar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na juyawarta wajen zamewa, a caɓi kuwa abin ya wuce haka.

Wurin feshi ne wannan ƙarya take cin kuɗi. Lissafin ruwan magani shi ne: litar da ke fita a minti ɗaya sau 600, a raba da faɗin feshi sau gudu. Ɗauki injin feshi mai faɗin mita 10, da bakuna 20 masu launin rawaya, kowanne yana fitar da lita 0.8 a minti. Lita 16 ke nan. A gudun kilomita 6 cikin awa, hekta za ta sha lita 160. Idan direba yana zaton 6 yake yi alhali 5 ne, hektar ta sha lita 192. Tankin lita 400 da ya kamata ya gama hekta biyu da rabi sai ya ƙare da an ɗan wuce hekta biyu, maganin ciyawa ya yi wa shuka yawa, ganye ya ƙone, a ɗora laifin a kan mai sayar da magani.

Maganin wannan shi ne a daina tambayar taya, a kalli ƙasar kanta da ido na na'ura, wato ƙaramar kyamara irin ta cikin ɓeran kwamfuta (mouse).

Yadda idon yake gani

Juya ɓeran kwamfuta ka ga cikinsa: ƙaramar fitila ce da ƙaramar kyamara. Kyamarar tana ɗaukar hoton abin da ke ƙarƙashinta sau dubbai a daƙiƙa, sai ta ɗora sabon hoto a kan na baya, tana matsar da shi gaba da baya, hagu da dama, har ta sami wurin da ɗigogin suka fi dacewa da juna. Nisan wannan matsawa shi ne tafiyar da aka yi tsakanin hotunan biyu. Kamar mai bin sawu ne: ya gane tsakuwar nan da karan can, ya sake ganinsu sun matsa baya, ya san an yi gaba.

Akwai tsohuwar hanya mai sauƙin fahimta. A sa idanu biyu a jere, ɗaya gaban ɗaya, da tazarar santimita 10. Abin da na gaba ya gani, na baya zai gan shi jim kaɗan. Idan jinkirin kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa ne, gudun mita 2 ne a daƙiƙa, wato kilomita 7.2 a awa. Kamfanonin ƙera motoci kuma suna gwaji da irin na'urar Correvit ta kamfanin Kistler, wadda ake ratayawa kamar santimita 35 daga titi, tana bin mota har fiye da kilomita 200 a awa. Kuɗinta ba na manomi ba ne. Abin da za mu haɗa a nan ƙaninta ne, mai arha, wanda ya ishi gudun gona.

Abu ɗaya za ka riƙe tun yanzu, domin rabin matsalolin da za su zo daga gare shi suke: idon ba ya auna mita, kusurwa yake aunawa. Jirgin sama da ke can nesa kamar rarrafe yake, kazar da ta gifta gabanka kuwa kamar walƙiya. Idan ka ɗaga idon sama, ƙasa za ta zama kamar tana tafiya a hankali. Idan ka sauke shi, sai ta yi sauri. Saboda haka tafiyar gaskiya ita ce ƙirgen ido sau tsayinsa daga ƙasa sau wata lamba da za ka samo da kanka a gona. Ido a santimita 50, ya sauka ko ya hau da santimita 5 kacal, kuskuren kashi 10 cikin 100 ke nan, kusan daidai da ƙaryar tayar da kake gudu.

Kayan da za a tanada

Ido: PMW3901 na kamfanin PixArt, wanda aka riga aka ɗora a kan ƙaramin allo. Yana gani daga santimita 8 zuwa sama, faɗin ganinsa digiri 42, yana ɗaukar hoto sau 121 a daƙiƙa, kuma yana son hasken da ya wuce lux 60 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne). Kada ka ɓata lokaci da tsohon ɓeran kwamfuta: gilashinsa na ganin abin da bai wuce milimita biyu zuwa uku ba ne, ba na gona ba. Akwai ADNS-3080 mai gilashin da ake murɗawa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai saita ganinsa aiki ne, kuma girgizar tarakta tana kwance shi idan ba a ɗaure da gam ba. Mai farawa ya ɗauki PMW3901.

Ma'aunin tsayi: VL53L0X ko VL53L1X, masu auna nisa da hasken da ido ba ya gani. Na farko yana kai mita 2, na biyu mita 4, amma duka biyun rana tana rikita su, sai a inuwa. Wanda ya fi son mai aiki da sauti, akwai JSN-SR04T wanda ruwa ba ya shigarsa. Shi kuma ba ya ganin abin da ya matso kusa da santimita 25, sannan gudun sauti yana canjawa da zafi, daga kamar mita 340 a daƙiƙa da sanyin safiyar hunturu zuwa 355 a zafin Afrilu. Wannan kaɗai kashi 4 cikin 100 ne, dole a sa shi cikin lissafi.

Sai ƙwaƙwalwa, ESP32, ƙaramar kwamfutar da za ta yi lissafin. Mai rage wuta, LM2596. Fis na amfiya 3. Fitilar LED ta volt 12 mai ƙarfin wat 5 zuwa 10, irin mai farin murfi da ke baza haske. Akwatin roba na masu wayarin wanda ƙura ba ta shiga. Ɗan farin gilashi. Falle ɗaya na kwano ko langa-langa kamar santimita 60 kowane gefe. Tsohon tiyub na mota. Da tef ɗin awo. Waya, fis, fitila da akwati duk akwai su a Sabon Gari a Kano. Idon da ma'aunin tsayi galibi sai an yi odarsu, to ka sayi bibbiyu, domin ranar da ɗaya ya ƙone a tsakiyar damina ba za ka jira wata guda ba.

Zaɓen tsayi da wurin ɗaurawa

PMW3901 yana da iyakar saurin da zai iya bi, radiya 7.4 a daƙiƙa (radiya ma'aunin kusurwa ne). A sauƙaƙe, ninka tsayi a mita da 7.4, ka sami iyakar gudu a mita cikin daƙiƙa. A santimita 30, kilomita 8 ne a awa. A 50, kilomita 13. A 80, kilomita 21. Kada ka yi aiki a bakin iyaka. Kashi biyu cikin uku ya isa. Don feshi da shuka da zuba taki, waɗanda ba sa wuce kilomita 8, santimita 50 zuwa 60 shi ne daidai. Ƙarin tsayi yana da wata fa'idar: tudu da kwarin gona ba sa yin tasiri sosai.

Wurin da ya fi shi ne gaban tarakta, inda ake rataya ƙarafan nauyi, a daidai tsakiya. A can ƙasar ba ta taku ba tukuna, ƙurar taya tana baya, hayaƙin feshi ma yana baya. Tsakiya kuma saboda kwana: idan idon yana gefe, zai ga gudu ya ƙaru in an juya wani ɓangare, ya ragu in an juya ɗayan. Aibin gaba shi ne ya fi ko'ina ɗagawa da sunkuyawa, amma wannan lissafi yana gyara shi, ƙura kuwa ba ya gyara ta.

Mai walda ya yi maka hannu gajere mai kauri, kada ya wuce santimita 40, domin dogon hannu lilo yake yi. Tsakanin akwati da ƙarfe ka sa robar tiyub ninki biyu. Ka tsayar da tarakta a fili mai daidai, ka ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kan akwatin, ka tabbata idon yana kallon ƙasa tsaye cak. Kuma kada a taɓa yin walda a jikin tarakta na'urar tana haɗe. A cire wayoyinta tukuna.

Rumfa da fitila

Nan ne mutane suka fi faɗuwa, saboda haka a tsaya a kansa. A santimita 50, idon yana ganin fili mai faɗin kamar santimita 38. Idan bakin inuwar tarakta ya ratsa wannan fili, rabi rana rabi inuwa, idon zai kama wannan layi mai kaifi, domin ya fi duk wata tsakuwa fitowa. Layin kuwa tare da tarakta yake tafiya, ba ya matsawa baya. Sai na'urar ta nuna gudun da bai kai ba, wani lokaci ta ce ana tsaye. Alamar wannan ciwo ita ce na'urar ta yi daidai da safe, ta rikice da hantsi, ta yi daidai in an nufi gabas, ta ƙi in an nufi kudu.

Saboda haka a yi mata rumfa. Kwanon nan mai santimita 60 shi ne rufi, akwatin a tsakiyarsa da rami don ido. A yanka tiyub a rataya shi zagaye kamar labule, ya sauko har saura santimita 15 ya taɓa ƙasa. Labulen kada ya shiga cikin ganin ido ko da iska ta kaɗa shi. A ɗaure wa bakinsa siririn rodi ya riƙe shi. Duk abin da ke tafiya tare da tarakta, ko guntun waya ne ya leƙo, rage gudu zai yi.

Fitilar a sa ta a gefe guda cikin rumfar, tana haska ƙasa a karkace, kamar digiri 30 zuwa 45. Hasken karkace shi ke sa kowace ƙwayar yashi ta yi 'yar inuwarta, kamar yadda sawun tsuntsu yake fitowa raɗau da hasken la'asar ya ɓace da tsakar rana. Fitila mai tattara haske wuri ɗaya ba ta yi ba, domin da'irar haskenta ita ma tana tafiya da tarakta. Mai walƙiya ko mai maɓallin rage haske ma ba ta yi ba. Ana son wuta tsayayya daga batir.

Haɗa wayoyi

Daga batir zuwa fis, daga fis zuwa maɓalli, daga nan a raba: hanya ɗaya ta fitila, ɗaya ta LM2596. Kafin ka haɗa komai da LM2596, ka sa mitar auna volt a bakinsa, ka murɗa ɗan sukurun har ya nuna volt 5. Sabo yakan zo a buɗe, kuma tarakta mai aiki tana ba da kusan volt 14. Wannan yana iya gasa ESP32. Volt 5 ɗin ya shiga ƙafar VIN, idon da ma'aunin tsayi su sha daga ƙafar 3V3.

Idon yana da wayoyi huɗu na magana: SCK zuwa ƙafa ta 18, MISO zuwa 19, MOSI zuwa 23, CS zuwa 5. Ma'aunin tsayi biyu: SDA zuwa 21, SCL zuwa 22. Wayoyin ido kada su wuce tsawon taƙi ɗaya, shi ya sa ESP32 take zama cikin akwati ɗaya da shi. Duk mahaɗa a like ta da dalma. Wayoyin sokawa na kan tebur ba sa kwana biyu a jikin tarakta. Wanda hannunsa bai saba ba ya kai wa mai gyaran waya. Sakamakon kuma a tura shi ta Bluetooth zuwa wayar direba, ba sai an ja doguwar waya ba.

Wasu idanun suna zuwa da 'yar leda mai ruwan zuma a manne a kan ramin gani. A ɓare ta. Gilashin kariya ya zauna daf da idon, a shafe gefensa da gam. VL53L0X kuwa ya fi son raminsa daban, cikin ɗan gajeren bututu mai faɗi, domin gilashi mai ƙura yana mayar masa da haskensa, ya ce ƙasa ta matso.

Abin da manhajar za ta yi

A Arduino IDE, manhajar kwamfuta da ake rubuta wa ESP32 umarni da ita, akwai kundin kamfanin Bitcraze na PMW3901. Da an kunna, idon ya amsa lambarsa, 0x49. Idan bai amsa ba, waya ce, galibi MISO da MOSI aka musanya. Daga nan, kowane kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa a karanta ƙirgen gaba da na gefe. A karanta tsayi, amma kada a ɗauki karatu ɗaya: a jera biyar na ƙarshe a ɗauki na tsakiya, don kada ganye ɗaya ya ruɗe shi. A ninka ƙirgen gaba da tsayi, a tara. Duk daƙiƙa a ɗauki abin da ya taru, a ninka da lambar gyara (lambar nan da za ka samo a gona), a raba da ainihin lokacin da ya wuce, a ninka da 3.6, a sami kilomita a awa. Wannan tarawa ta daƙiƙa guda ita ce ke share ɗagawa da sunkuyawar gaban tarakta, tunda abin da ɗagawa ta ƙara, saukowa tana cire shi. Wanda ke son amsa mai sauri fiye da haka sai ya ƙara MPU6050, na'urar auna karkata da juyawa, ya riƙa cire jujjuyawar. Mai amfani da Arduino Uno a madadin ESP32 ya kula: lambar int ɗinta tana cika a 32,767 ta koma baya, to ma'ajin tarawa ya zama long ko float.

Idon yana kuma faɗin yadda yake ganin ƙasa, a rijista 0x07 da ake kira SQUAL. Ka ƙara 'yan layuka a kundin don karanta ta, wahalar ta biya. Idan ta faɗi ƙasa da 25, a zubar da karatun. Idan hakan ya kai rabin daƙiƙa, wayar direba ta rubuta "ido ba ya gani" ta yi ƙara. Na'urar da ta yi shiru tana nuna tsohon gudu ta fi wadda babu haɗari.

Samo lambar gyara

Kada ka kwafi lambar kowa daga intanet. A gonar da za a yi aikin, a auna mita 50 da tef, a kafa turke a farko da ƙarshe. A rataya dutse da zare daga akwatin don a san daidai inda ido yake. A mayar da ma'aji sifili a turken farko, a tafi da gudun aiki, a tsaya a na biyu. Lambar gyara ita ce 50 a raba da abin da ya taru. A ce 25,000 ya taru, lambar 0.002 ce. A yi sau uku zuwa, sau uku dawowa. Idan shidan ba su saɓa da fiye da kashi 2 cikin 100 ba, a ɗauki matsakaicinsu. Idan zuwa da dawowa sun bambanta, rana tana leƙowa ta ƙarƙashin labule.

A duba ƙirgen gefe a wannan tafiya. Ya kamata ya tsaya kusa da sifili. In yana taruwa, akwatin a karkace yake, a ɗan juya shi. Karkatar digiri 5 ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, ta digiri 10 kashi ɗaya da rabi ce.

Sauran gwaji biyu. A bar inji yana aiki tarakta tana tsaye minti biyar: tafiyar da aka tara kada ta kai mita ɗaya, in ta wuce, hannun ƙarfen yana rawa. Sannan a sake mita 50 ɗin da giya mafi sauri: idan ƙirge ya ragu, ko haske ya yi kaɗan ko an kusa iyakar ido. Agogon hannu shi ne alƙali: a kilomita 6 cikin awa, mita 50 daƙiƙa 30 ce.

Gonar da aka yi wa kunya tana bukatar tata lambar, domin idon yana ganin tudu da kwari a lokaci guda, ma'aunin tsayi kuwa ɗigo ɗaya yake gani. A ajiye lambobi biyu, ta fili da ta kunya.

Da an gama wannan, auna zamewar taya ya zama wasa. A yi wa tayar baya alama da alli, a ƙirga juyi 10 a busasshiyar hanya babu kaya, a rubuta nisan da na'ura ta nuna. A sake juyi 10 a gona ana jan garma. Bambancin a raba da na farko. In ya haura kashi 15 cikin 100, man dizal ne ke ƙonewa a banza: a rage iskar taya gwargwadon abin da kamfani ya yarda, a ƙara nauyi, ko a ɗaga garma kaɗan.

Inda idon ba ya aiki

Ruwa kwance a fadamar shinkafa madubi ne. Idon zai ga fitilarsa da rumfarsa, ko ya bi ruwan da taya ta tura. A nan babu dabara, sai a koma ga GPS ko na'urar rada. Shuka da ta yi tsayi ma haka: ganye ya fi ƙasa kusa da ido, sai gudu ya ƙaru, ga iska tana kaɗa shi. Wannan na'ura ta lokacin share fili ce, da shuka, da feshin farko, da zuba taki kafin amfani ya rufe ƙasa.

Zafi ma abin lura ne. Takardar PMW3901 ta tsaya a digiri 40, kuma daga Maris zuwa Mayu inuwa kanta takan kai haka a Haɗejia. Akwatin ya zama fari, ya zauna ƙarƙashin rufin kwano ba samansa ba, nesa da iskar lagireto.

Ga mai haɗa ƙaramin mutum-mutumi mai taya, irin na ɗalibai ko na jan kaya a daɓen sito, akwai PAA5100JE mai fitilunsa, wanda ke aiki a milimita 15 zuwa 35 daga ƙasa, gudunsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai a daƙiƙa ba. A irin wannan kusanci milimita 2 ma kuskure ne babba, sai a ɗora shi kusa da gatarin taya. Siminti mai kaushi yana masa daɗi, tayil mai ƙyalli ba ya yi. Bukatar gane zamewar taya ba ƙarama ba ce: a Afrilun 2005 motar bincike ta Opportunity ta kafe a tudun rairayi a duniyar Mars tayoyinta suna ta juyawa, sai da hukumar NASA ta yi fiye da wata guda kafin ta fito da ita.

Da hunturu, ƙura tana kwanciya a gilashi tun kafin azahar, kuma SQUAL ce za ta fara nunawa, tana sauka a hankali. A hura gilashin tukuna, sannan a goge da tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa. Busasshen tsumma a kan yashi karce gilashi yake yi, karcen kuma ya zama wani abin da ke tafiya tare da tarakta. Duk ranar da aka canja tayar gaba, ko aka ƙara ƙarafan nauyi, ko hannun ya bugi kututture, a koma wurin turakun nan biyu a sake mita 50.